Gawo Biyu a Gonar Mamudo

Ka taɓa zama ka ƙirga ƙarfen da gonarku ta cinye? Ba wanda ya ƙare da aiki nake nufi ba, irin wanda maƙeri zai juya ya ce sai dai a ƙera sabo. Ina nufin wanda aka fita da shi da safe, aka dawo da yamma babu shi, kowa ya ce ai a hannun wane ya gan shi. Yawancin magidanta ba su san adadin ba. Malam Saleh na unguwar Dogo Nini ya sani, don shi ba ya cire takalmi sai ya ƙirga abin da ya fita da abin da ya dawo.

A ƙirgarsa, gonarsu ta wajen Mamudo ta ci fartanya tara, lauje huɗu, sungumi biyu, gatari ɗaya, da wata adda mai ƙotar roba wadda har yau in ya tuna ta sai ya yi tsaki. Kuma ya san wanda ya fita da kowane ɗaya. Uku matarsa ce, Hawwa. Biyu babban ɗansa ne, Basiru. Sauran goma sha biyun duk ƙaninsa ne, Abbas. Shi kansa Malam Saleh ko ɗaya.

Ba haka kawai ya tashi da wannan hali ba. Cikin 'ya'ya bakwai da mahaifiyarsu Dada ta haifa, biyu ne suka rayu, shi na fari da Abbas auta, tsakaninsu shekara goma sha shida. Abbas yana aji uku a firamare mahaifinsu Malam Abdulsalam ya rasu. Daminar da ta biyo baya, fartanya ɗaya ce mai kyau ta rage a gidan, Saleh da Dada suke karɓa-karɓa da ita: in ya yi kunya biyar ya miƙa mata, ya koma cirar ciyawa da hannu. Tun daga wannan shekarar ƙarfe ya zama masa wani abu daban. Duk ƙotar da ta shigo gidan sai ya gasa ƙusa a murhu ya yi mata zane uku. A bangon zaure ya kafa ƙusoshi a jere, kowace da abin da ake rataya mata, ta yadda ko daga bakin ƙofa ya leƙa zai ga gurbin da babu komai.

Shi ya riƙe Abbas, shi ya biya masa makaranta har ya gama sakandare, shi ya tsaya masa ya auri Aminatu. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, rumbu ɗaya. Abin da Malam Saleh ke tinƙaho da shi a duniya ke nan, ba dukiya ba. In ka bi jerin gonakin da ke wannan gefen, duk an tsaga su, ɗan wane ya ja iyaka da ɗan wane, wata gonar ma ta koma kamar tabarmar sallah. Gonar Malam Abdulsalam ce kaɗai take nan yadda ya bar ta, eka goma sha ɗaya, babu turke ko ɗaya a tsakiyarta. Malam Saleh yakan ce muddin yana numfashi ba za a ja igiya a cikinta ba.

Shi kuwa Abbas, noma bai taɓa shiga jininsa ba. Kara, wato kasuwar shanu, ita ce gonarsa. Tun yana saurayi yake bin dillalan shanu, daga baya ya shiga cikin masu rakiyar tirela zuwa kudu. In yana gari yakan zo gona, kuma in ya kama aiki yana da ƙarfi, mutum biyu ba sa kamo shi a noman firi. Matsalar ɗaya ce: inda aiki ya ƙare, nan fartanya take kwana.

Da yamma a zaure, an saba jin irin wannan.

"Biyar suka fita," in ji Malam Saleh, yana bin bango da yatsa. "Huɗu nake gani."

Hawwa ta ɗago murya daga tsakar gida. "Malam, kafin ka tada hankalin yara, tambayi ƙaramin mijina."

"Yaya, ba ta ɓata ba," Abbas ya ce, yana wanke ƙafa. "Na san inda take."

"Ina?"

"A gona."

"Eka goma sha ɗaya ce gonar, Abbas. A wace kunya?"

"Allah ya taimaki Aminatu," in ji Hawwa. "Ranar da aka kawo ta ni na riƙe hannunta har ɗaki, don na san in aka bar masa a mota zai manta ta."

"Ke kuma laujen da kika ara wa maƙwabta tun bara fa? Na ji an ce har ya yi 'ya'ya a can."

Sai a yi dariya, har Malam Saleh ya murmusa a ɓoye, ya zauna su sa hannu a kwano ɗaya. Faɗan fartanya a gidan bai taɓa wuce tuwon dare ba.

Da aka shiga shekarun nan da aka hana hawa babur a gari, zuwa gona ya zama aiki kafin aiki. Sai keke, ko a tsaya bakin titi a jira a-kori-kura. Ɗaukar ƙarfe kullum a kai a dawo ya gagara, barinsa a fili kuma kyauta ce ga 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, don akwai masu bin gonaki suna tsintar musu. Sai Malam Saleh ya ɓullo da dabara irin ta mutanen da: a binne. Shanun huɗa suna kwana a Mamudo wajen Malam Nagoggo, wani dattijo abokin mahaifinsu. Gangar garma a rufe ta da kara. Bakin garma kuwa, da sarƙar da ke haɗa ta da karkiya, waɗannan a kwance su a sa a buhu a tura cikin ƙasa. Kuma shi yake binnewa da hannunsa, shi yake tonowa, bai taɓa wakilta kowa ba.

Sai ran nan, wata Talata a farkon damina, suna tsakiyar huɗar wake shi da Abbas, aka kira shi a waya cewa kawun Hawwa ya rasu a Gadaka, ana jiran su. Ya saki garma, ya zura riga, har ya kai bakin burtali sannan ya juyo ya ɗaga murya.

"In ka tashi, kwance baki da sarƙa. Buhu yana cikin kara. Ka binne a gindin gawo."

"To, Yaya."

"Gindin gawo na ce. Kada ka bar shi a fili."

"Na ji. Allah ya jiƙan rai."

To, a nan ne aka yi ɓatan kai, kuma gara in warware maka shi tun yanzu. Gawo biyu ne a wannan gona, amma ɗaya kawai ido ke gani.

Na farko yana gabas. Ƙaton gawo ne wanda mutum uku ba sa zagaye shi da hannu, da shi ake kwatancen gonar tun zamanin kakanni. Wata iska ta kayar da shi a shekarar da Dada ke ɗauke da cikin Abbas. Aka faskare shi, aka ƙone kututturen, ba abin da ya rage sai ɗan kwari mai baƙar ƙasa inda gero ke fin na ko'ina tsawo. Amma sunan bai faɗi tare da bishiyar ba. Malam Abdulsalam ya ci gaba da cewa gindin gawo, Saleh ya gada a bakinsa. Shi in ya dubi wurin, bishiyar yake gani.

Na biyu yana yamma. Ɗan tsiro ne da mahaifinsu ya hana a sare, yana rataya masa gorar ruwa da riga, don haka a bakin manya sunansa Marataya. Ya girma ya zama cikakken gawo, amma a idon Malam Saleh har gobe Marataya ne. Abbas kuwa tun da ya buɗe ido gawo ɗaya ya sani a gonar, ga shi nan tsaye kowa na gani. Ya sha jin yayansa na cewa gindin gawo, bai taɓa tunanin akwai abin tambaya a ciki ba.

Abbas ya gama aikin yini, ya yi yadda aka ce masa, a gindin gawon da ya sani. Washegari Laraba kasuwar shanu ta ci, kafin magariba yana saman tirela sun kama hanyar kudu.

Malam Saleh ya dawo daga Gadaka ya tarar an yi ruwa mai kyau. Ƙasa ta yi laushi, irin danshin da manomi ke roƙo. Tun da sassafe Malam Nagoggo ya koro shanu, suka nufi gabas tare, don shi ma Nagoggo ɗan zamanin tsohon gawo ne, a inuwarsa ya sha fura yana saurayi. Malam Saleh ya tona inda ya saba. Babu. Ya matsa gaba ya tona, ya matsa baya. Ya durƙusa ya duba ciyawar wurin, ya ga saiwarta a kame, alamar ba a taɓa ƙasar ba. Shanu na tsaye da karkiya suna kaɗa jela. Ya ciro waya.

"Abbas, ina ka sa ƙarfen?"

"Gindin gawo, Yaya. Inda ka ce." Ƙarar mota na cinye rabin maganar.

"Ina tsaye a gindin gawo."

"To tona mana. Bai kai kamu guda ba."

"Na tona. Ƙasar nan ba wanda ya taɓa ta."

"Ai ruwa aka yi, ruwa ne ya shafe. In babu, to wani ya hango ni ya zo ya tone."

Daidai nan wani abokin tafiya ya faɗi wani abu a saman tirela, Abbas ya kwashe da dariya, layi ya katse. Malam Saleh ya tsaya da waya a kunne. Dariyar ce ta tsaya masa a rai fiye da ƙarfen.

Kafin maƙeri ya ƙera wani baki, kafin a samo sarƙa mai kaurin da ya dace, danshi ya tafi. Ruwa kuma ya ɗauke na wani lokaci. Rabin filin wake aka shuka a makare, aka girbi abin da bai taka kara ya karya ba. Duk tsawon kwanakin nan Malam Saleh yana juya magana ɗaya a zuciyarsa. Mantuwa ya san ta, ya yi shekaru yana zaune da ita. Amma mai mantuwa yakan ce na manta. Wannan ya ce na binne, ga shi kuwa ƙasa ta ce ba a binne ba. In ba a binne ba, ina ƙarfe ya tafi a daren kasuwa?

Ranar da Abbas ya dawo, ya shigo da doya da kwakwa a buhu, ya raba wa yara, ya tsokani Hawwa, ya zo ya zauna a zaure aka ajiye musu kwano. Ya yi loma biyu. Malam Saleh bai sa hannu ba.

"Nawa 'yan gwangwan suka ba ka?"

Abbas ya ɗago, yana jiran ya ga alamar wasa. Bai gani ba.

"Yaya, me ka ce?"

"Ka ji ni. Da ka tambaye ni kuɗin hanya da na ba ka."

Hannun Abbas ya tsaya a bakin kwano. Ya janye shi a hankali, ya jawo buta ya wanke.

"Ka ce mini mai mantuwa, na amsa. Ka ce mini rago a gaban yara, na amsa. Wannan sunan ban amsa ba, Yaya."

Ya tashi ya shige ɗakinsa. Hawwa, da ta ji komai daga bakin murhu, ta fito ta tsaya a ƙofar zaure.

"Malam, wannan ta yi nauyi."

"Ƙasa ba ta ƙarya, Hawwa. Da idona na gani."

Ka ga, kowannensu ya tabbata an tona inda ya kamata. Abbas ya ɗauka yayansa ya tona gindin bishiya bai samu ba, ke nan ɓarawo ya riga shi, me zai je nema? Ko da Aminatu ta ce masa ya je ya duba da kansa, cewa ya yi in ma ya samo, za a ce fanso shi ya yi daga hannun 'yan gwangwan. Malam Saleh kuwa yana wuce Marataya kullum, yana rataya masa gora, bai taɓa duban ƙasan ƙafarsa ba.

Mutum ɗaya ce a gidan da ta san bishiyoyin nan biyu da sunayensu, ta kuma san wanne kowane ɗa ya sani. Dada ce. A lokacin ƙafa ta hana ta zuwa gona, kunne kuma ya yi nauyi. Da ta ga an fara kai kwano biyu, ta sa aka kira mata Saleh. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne.

"Babba, me ya shiga tsakaninka da Auta?"

"Ƙarfe ne ya ɓata, Dada."

"A ina?"

"A gona. Ki bar maganar, ba ta kai a dame ki ba."

Ta bari. Da ya ƙara kalma biyu a kan amsar nan, da tsohuwa ta yi dariya ta sallame shi.

Kafin kaka ta ƙare aka raba tukunya. Da rani Abbas ya kama haya kusa da kara, ya kwashe Aminatu da yara. Bai sake taka gonar ba. In an yi girbi Malam Saleh yakan auna rabonsa cif, ya ɗora a amalanke a kai masa, shi kuma ya aiko da godiya ta bakin mai amalanke. Yakan zo gaida Dada, amma sai ya daidaici lokacin da yayansa ke gona. Ran sallah su haɗu a ƙofar gida, Abbas ya rusuna ya gaishe shi kamar yadda ya kamata, a tambayi iyali, a rabu. Zaure ya koma tsit. Ƙusoshin bango kullum a cike, kowane ƙarfe a gurbinsa, ba kuma wanda ke dariya a wurin.

Sau da yawa Malam Saleh ya yi niyyar ya je kara ya ce a bar maganar. Amma a ransa, barin magana na nufin ya yafe sata, shi kuma jira yake mai laifi ya fara buɗe baki. Yana ta lallaɓa zuciyarsa da cewa ai gona tana nan ɗaya, ba a ja igiya ba, duk ranar da Abbas ya huce zai dawo ya tarar da kunyarsa.

Damina huɗu aka yi a haka, sannan Dada ta rasu. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa aka yi mata sallah, suka zauna tabarma ɗaya karɓar gaisuwa, mutane na cewa Allah ya haɗa kanku. Bayan sadakar arba'in Malam Nagoggo ya zo Dogo Nini da sandarsa, ya zauna ya daɗe yana zancen tsadar dusa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Abbas na son a raba gona.

Malam Saleh bai yi musu ba, haƙƙinsa ne.

Aka sa rana da bazara, kafin a fara sharar gona. Nagoggo ya zo da igiya da turaku, Basiru na ɗauke da su, ga kuma maƙwabtan gona biyu don shaida. Aka tsaya a tsakiyar fili. 'Yan'uwan suka gaisa, kowa na duban wani wuri.

"To," in ji Nagoggo, "kada rana ta yi mana. Mu fara awo daga gindin gawo, mu ja zuwa burtali. Ku je ku kama bakin igiya."

Malam Saleh ya juya gabas. Abbas ya juya yamma.

Sun yi nisa kafin Basiru ya yi magana. "Baba, Baffa, ina kuma za ku?"

Suka waiwayo tare.

"Gindin gawo," in ji Malam Saleh.

"Gindin gawo," in ji Abbas, yana nuna bishiyar da ke gabansa, ta yi ganye shar kamar yadda gawo ke yi in sauran itatuwa sun bushe. "Yaya, can ina za ka? Babu ko kara a can."

"Wannan ai Marataya ne."

"Marataya ba gawo ba ne?"

Nagoggo ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya sauke igiyar ƙasa. "Yaro," ya ce wa Abbas, "shekararka nawa lokacin da babban gawo ya faɗi?"

"Wane babban gawo?"

Malam Saleh ya juyo. Ya karɓi fartanya daga hannun Basiru, ya tako har gindin Marataya, wurin da ya yi damina huɗu yana tsayawa ya sha ruwa.

"Ta ina?" ya tambaya, muryarsa ƙasa ƙasa.

Abbas ya nuna tsakanin saiwoyi biyu da ƙafa.

Ƙasar bazara ce, ta yi tauri. Basiru ya miƙa hannu zai karɓa, uban ya hana. Ya sara, ya sara, har fartanya ta yi ƙara a kan wani abu. Buhun ya ruɓe, sai zare-zare. Sarƙar ta yi tsatsa ta dunƙule wuri ɗaya. Ga bakin garma a ƙarƙashinta. A gefe kuma ga wata baƙar leda an ƙulle ta tam, ƙulli biyu. Malam Saleh ya yage ta. Notunan garma ne guda huɗu da sifana, an haɗa su wuri ɗaya don kada ko ɗaya ya salwanta. Shi kansa bai taɓa yin wannan dabarar ba, zuba su kawai yake yi a buhu.

Ya daɗe a durƙushe da notunan a tafin hannu. Maƙwabtan gona suka ja gefe suna duban shanun wani da ke wucewa a burtali.

"Abbas," ya ce. "Na zalunce ka. Na kira ka da sunan da ba naka ba, a gidan ubanmu, kana cin abinci. Ka yafe mini."

Abbas ya sunkuyar da kai. "Na yafe, Yaya. Tun ranar da aka sa Dada a ƙasa na yafe. Ban dai san yadda zan faɗa ba."

"To a naɗe igiyar nan. Malam, a naɗe ta. Ba a raba komai ba tukuna."

Nagoggo bai motsa ba, Abbas yake kallo.

"Yaya, na riga na ba mutum magana," in ji Abbas. "Wani ɗan Gadaka ne, zai sayi rabona ya shuka riɗi. A gaban shaidu muka yi. Da abin da zai ba ni zan sayi fili kusa da inda nake haya, in gina wa yara."

"A je a ba shi haƙuri. Ni zan je."

"In ka je me za ka ce masa? Ka ce ƙanina ya ce ya sayar, ashe bai sayar ba?" Ya ɗan yi murmushi, murmushin bai kai ido ba. "Sau ɗaya aka ce maganata ba gaskiya ba ce, na ji yadda take. Ba zan jawo ta biyu da hannuna ba."

Malam Saleh ya matsa ya ba igiya hanya. Shi ya koya wa yaron nan cewa magana ɗaya ake yi.

Aka ja igiya. Basiru na riƙe turke, Nagoggo na bugawa da bayan gatari, Malam Saleh na tsaye yana ƙirga su ba da son ransa ba, don bakinsa ya saba. Turke goma sha huɗu. Yamma ta faɗa wa Abbas, da Marataya a ciki. Gabas ta faɗa wa Malam Saleh, da ɗan kwarin nan mai baƙar ƙasa.

Yanzu eka biyar da rabi yake nomawa. In ya ɗaga kai daga kunya, riɗin baƙo yake gani, da rigar baƙo a rataye a reshen da mahaifinsa ya hana a sare. Suna gaisawa da mutumin, ba shi da laifi. Abbas kuwa yakan zo Dogo Nini ran Juma'a bayan masallaci, ya zauna a zaure, wani lokaci har ya sa hannu a kwano. Hawwa ta gwada tsokanarsa sau ɗaya ko biyu, ya yi dariya don ladabi, ta gane ta bari. Ana zumunci, ba a ce ba a yi. Amma kafin la'asar yakan duba agogo ya ce yara na jira.

A farkon daminar da ta biyo bayan rabon, Malam Saleh ya yi wani abu da ya ba iyalinsa mamaki. Ya kwashe su kaf zuwa gona, har Hawwa da surukarsa matar Basiru, ya tsayar da su a tsakiya, ya ce ba aiki za a yi ba. Zai kira sunan wuri, kowa ya tafi ya tsaya inda ya san wurin yake, ba duban na kusa.

"Bakin rijiya," ya ce.

Hawwa ta nufi wata tsohuwar rijiya da aka cike tun tana amarya. Basiru ya nufi ramin da ake tara ruwan feshi. Matarsa ta tsaya cak, ta ce ita ba ta taɓa ganin rijiya a gonar nan ba.

"Wajen Fulani."

Mutum uku, kusurwa uku. Ya kira suna shida a ranar, a biyu kawai aka haɗu wuri ɗaya. Hawwa ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Shi bai yi ba. Ya bi wuraren ɗaya bayan ɗaya, aka tsayar da suna guda ga kowanne, wanda babu abin gani a cikinsa aka kafa masa dutse.

Abin bai ci musu rabin safiya ba, kuma ko sisi ba a kashe ba. Don Allah kai ma ka gwada, kafin ruwan bana ya sauka. Tara duk wanda ke taka gonarku, babba da ƙarami, har wanda sai jefi-jefi yake zuwa, shi ne ma kan gaba. Tsaya a tsakiya ka kira sunan wurin da kuka fi ambata a gida, ka ce kowa ya je ya tsaya a kansa. Kai kuma kada ka motsa, kada ka nuna da baki, ka tsaya kawai ka ga inda ƙafar kowa za ta nufa.